Waƙafin Sama Da Takardun Uwayen Ƙasa

Jawabin da Malamin Watsa Labarai ya yi a Talata Mafara, gaban uwayen ƙasa da magatakardansu na Mafara da Bakura da Maradun.

 

Da farko ina neman gafara. Ni ɗanku ne, cikinku akwai waɗanda suka riƙe ƙasa tun ban san damana da haguna ba, don haka ba ni da abin da zan koya muku game da riƙon jama'a. Turancina ma na sakandare ne, sai ɗan abin da aiki ya ƙara mini. Abin da ya kawo ni gabanku ƙarami ne ƙwarai, bai kai ƙwayar gero ba, amma kullum yana fita daga ofisoshinku, da sa hannunku da hatiminku a ƙarƙashinsa. Watau ɗan waƙafin nan da akan rataya a saman kalma cikin rubutun Turanci, wanda Turawa ke kira apostrophe. Ni zan riƙa ce masa waƙafin sama, don a rarrabe shi da waƙafi na ƙasa, mai nuna wurin da mai karatu zai ɗan numfasa.

Bari in fara da laifin kaina, don kada wani malami ya ce na zo tona asirinsa gaban ubangidansa.

Shekarar da na kama aiki, aka tura ni wani ofis in riƙa taimakon magatakarda da buga takardu, domin idonsa ya soma rauni. Ran nan aka zo da maganar wata fadama. Mai ita ya rasu, ya bar 'ya'ya uku maza, ba su raba ba, suna noma ta gandu guda. Babban ya zo neman takardar shaida da Turanci, don a ba su bashin taki da injin ban ruwa. Uban ƙasa ya kira mai unguwa da dattawa, suka shaida fadama ta 'ya'yan marigayi ce su uku, ya ce a rubuta haka. Ni kuwa na zauna na buga:

The land is the late farmer's son's property.

Na karanta da ƙarfi a zaure. Akwai wani ɗan uban ƙasa a wurin wanda ya yi karatu mai zurfi, ya saurara, ya ce daidai ne. Aka sa hannu, aka buga hatimi, kowa ya kama gabansa.

Bayan damina biyu 'yan'uwan nan suka saɓa. Babban ya fito da takarda gaban alƙali, sai ga shi takarda na cewa fadama ta ɗa guda ce, sunansa kuwa shi kaɗai ke sama, tun da shi ya nema. Abin da ya kamata in rubuta shi ne sons', waƙafi a bayan s, ni kuma na sa shi a gaba. Gaskiya dai ta fito daga baya, don Allah ya sa dattawan da suka yi shaida suna da rai. Amma sai da uban ƙasa ya sake wata takarda yana warware ta farko, kuma ƙannen nan biyu sun daɗe suna zaton da saninsa aka yi. Mutumin da bai ci kwabon kowa ba, ga shi ana yi masa kallon wanda aka saya, saboda yaron ofis ya gusar da ɗigo ɗaya. Har yau in na tuna nakan ji kunya.

Ranku ya daɗe, abin da nake roƙo ku lura da shi cikin wannan labari shi ne, an karanta takardar da ƙarfi gaban mai jin Turanci, bai kuwa ji kuskure ba. Ba laifinsa ba ne. Ko Baturen Ingila aka zaunar a zauren nan ba zai ji ba, domin son's da sons' da sons, duk ukun lafazinsu ɗaya ne a baki. Mu Hausa ta hutasshe mu wannan wahala. In an ce gonar manomi, ko yaro ya san mutum guda ake nufi. In an ce gonar manoma, ya san suna da yawa. Kunne ya isa. Turanci kuwa a wannan wuri sai ido, bambancin yana kan takarda kaɗai. Saboda haka duk uban ƙasa da ya sa hannu bisa abin da kunnensa ya jiye masa, yana iya shaida abin da bakinsa bai faɗa ba.

Mu mutanen wannan yanki ba sai an gaya mana nauyin takarda a kan gona ba. An fara ginin madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1974, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, aka gama a 1978. Ruwa ya ci gonaki da gidaje a ƙasar Maradun, aka ta da mutane dubbai. A ƙasan madatsa kuma, wajen Mafara da Bakura, aka karɓi gonaki aka baje, aka haƙa magudanai, sa'an nan aka sake rabawa. Iyakar da kakanni suka sani da kuka, ko tsamiya, ko jinga, ta ɓace ƙarƙashin motar baje ƙasa, ya zama wanda sunansa ke cikin rajista shi ke da bakin magana. Rigimar diyya da rabon gonaki ta kai ga abin da ya auku a Birnin Tudu cikin Afrilu 1980, sa'ad da aka yi arangama da 'yan sanda, manoma da yawa suka rasa rayukansu, Allah ya jiƙansu. Ba waƙafi ya jawo wannan ba, kada a ce na faɗi haka. Na ambata ne don tun daga zamanin nan talakawanku suka san takarda tana ba da gona, tana kuma ƙwacewa. Cikin 1978 ɗin kuma aka yi Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta sa ƙasar jiha a hannun Gwamna amana, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar riƙon gona a karkara. Yau in talaka zai nemi wannan takarda, ko bashin banki, ko diyya, galibi daga ƙofarku shaidarsa ke tasowa, kuma da Turanci take tafiya Gusau. Wanda zai karanta ta can bai san mai gona ba, bai san dattawa ba. Abin da ya gani a rubuce shi ne iyakar saninsa.

To, malamai, yanzu gare ku. Littattafan Turanci sukan jera ƙa'idodi biyar ko shida a kan wannan waƙafi, yaro ya haddace ranar jarrabawa, ya manta kashegari. A ganina ƙa'ida guda ce, in ka riƙe ta sauran sukan biyo da kansu. Kafin ka rubuta, tambayi kanka da Hausa: na wa ne? Amsar da ta fito, rubuta ta cikakkiya da Turanci, kamar ba maganar mallaka. Daidai inda sunan mai abu ya ƙare, nan za ka rataya waƙafi. Sa'an nan in babu s ta jam'i a ƙarshen kalmar, ka ƙara s.

Ga misali. Gona ta wa ce? Ta manomi ce, farmer. Ka rubuta farmer, ka sa waƙafi, ka ƙara s, ka sami the farmer's land. In ta manoma ce, farmers, ka rubuta farmers, ka sa waƙafi, ka tsaya nan, don s ta riga ta zo: the farmers' land. Haka the District Head's office, ofishin uban ƙasa guda ne, amma the District Heads' meeting taro ne irin wannan da muke ciki.

Akwai kalmomin da jam'insu ba ya ƙarewa da s, nan ne alƙalami ya fi tuntuɓe. Man jam'insa men, woman jam'insa women, child jam'insa children. Ƙa'idar ba ta sake ba. Na wa ne? Na mata, women. Rubuta women, sa waƙafi, ƙara s: women's. Wannan ya shafe ku ƙwarai wajen rahoton ɓarna tsakanin manoma da makiyaya. The herdsman's cattle, shanun makiyayi guda ne. The herdsmen's cattle, shanun makiyaya ne. A nan waƙafin bai gusa ba, harafi ɗaya ne ya sake a tsakiyar kalma. Amma rahoton da ya ɗora ɓarnar mutum guda a kan ruga baki ɗaya, kun fi ni sanin abin da yake iya haifarwa cikin halin da ƙasarmu ke ciki.

Ga wata dabara ta duba takarda bayan an buga, wadda ba ta bukatar littafi. Ɗora babban yatsanka a kan waƙafin, ka rufe shi da abin da ke bayansa. Abin da ya saura a hagu, shi ne mai abu. In ka rufe son's ka ga son, ɗa guda. In ka rufe sons' ka ga sons, 'ya'ya. In ka rufe womens' ka ga womens, ka san ka yi kuskure, don babu wannan kalma a Turanci. Wannan yatsa shi ke ceton masu sunaye irin su Idris da Yunus da Abbas da Bilkis, waɗanda s ɗinsu ta cikin suna ce. Na sha ganin an rubuta Idri's farm. Rufe da yatsa, sai ka ga Idri, mu kuwa ba mu san wani Idri ba a ƙasar nan. Daidai shi ne Idris's farm. Waɗansu marubutan Turawa sukan bar shi Idris' ba tare da s ta biyu ba, ba a kuwa ce sun yi laifi ba, amma ni na fi son a cika, don kada mai karatu ya zaci jam'i ne.

Ku tuna kuma Bature yana gabatar da mai abu, mu muna gabatar da abin. Mu ce gonar Audu, rijiyar gari, dokin sarki, muna liƙa n ko r a jikin abin da aka mallaka. Shi kuwa ya ce Audu's farm, ya liƙa alamarsa a jikin mai mallaka. Wanda ke tunani da Hausa yana bugawa da sauri yakan liƙa ta inda ya saba, ya rubuta farm's Audu, watau ya mai da Audu dukiyar gona.

Akwai wuri guda da ya kamata mu ɗan daɗe a kansa, domin nan gado yake. In mutum biyu suka yi tarayya a kan abu guda, na ƙarshe kaɗai ake sa wa waƙafi. In kowa da nasa, kowa da waƙafinsa.

Musa and Isa's farms, gonakin da Musa da Isa suka yi tarayya a kai.

Musa's and Isa's farms, gonakin Musa daban, na Isa daban.

Kun ga na farko gandu ne, na biyu an riga an raba. To, amma gaskiya ita ce ba kowane mai karatu ya san wannan bambanci ba, ko cikin masu digiri, kuma na farkon ana iya murɗa shi a ce Musa daban, gonakin Isa daban. Saboda haka shawarata ita ce, in magana ta gona ce, ko gado, ko diyya, kada ku jingina haƙƙin mutum da ɗigo guda. Turanci yana da wata hanya mai kama da tamu, watau kalmar of. Da na rubuta the property of the three sons, na jera sunayensu ɗaya bayan ɗaya, na ƙara da jointly in tarayya ce, da babu alƙalin da zai ga takardata. Jimla za ta yi tsawo, za ta rasa ƙayatarwa. Ba komai. Takardar shaida ba waƙa ba ce.

Haka nake shawarta game da sarautu. The Emir of Maradun's letter daidai ne a nahawu, amma yatsa zai nuna maka Maradun, mai sauri ya rikice. The letter of the Emir of Maradun ya fi sauƙi, ya kuma fi ladabi a ido.

Maganar lokaci da kuɗi ba sai na ja ta ba. One month's salary, three months' arrears, two weeks' notice. Ƙa'ida ɗaya ce, kuma da yake adadin yana rubuce, kuskure a nan kunya kaɗai yake jawowa, ba hasara.

Sai inda waƙafin ba ya shiga. Wannan cuta ta fi yawa ga malamai masu himma, waɗanda suka ji an ce waƙafin sama alamar ilimi ce, sai su riƙa yayyafa shi duk inda suka ga s, kamar mai barbaɗa yaji a tsire. Jam'i kawai ba ya ɗaukarsa. Three village heads, ten cows, fifty bags, babu mallaka, babu waƙafi. Kalmomin nan kuma, his, hers, ours, yours, theirs, its, mallakarsu a jikinsu take, kamar yadda muke cewa nasa, nata, namu, naku. Ina roƙonku don Allah, kada a sake rufe takardar uban ƙasa da Your's faithfully. Yours faithfully ne. Wannan layi shi ne ke bisa sa hannu kai tsaye, nan idon mai karatu ke sauka. It's kuwa mai waƙafi gajarcewar it is ce, ba ta da alaka da mallaka, haka who's gajarcewar who is ce, mai nufin na wa shi ne whose. Irin waɗannan gajerce-gajerce, da don't, da can't, na hira ne. Takardar ofis ba ta bukatarsu, a rubuta kalmomi cikakku, an rufe ƙofar kuskure gaba ɗaya.

Wani zai ce, me ya sa Turawa suka ɗora wa kansu wannan wahala? Asalinsa ba alamar mallaka ba ne. Cikin ƙarni na 16 suka aro shi daga masu buga littattafai na Faransa, don ya nuna wurin da aka jefar da harafi. A tsohon Turanci, in za a ce na sarki, akan rubuta kinges. Da harshe ya haɗiye e ɗin, sai aka rataya waƙafi a gurbinsa, ya zama king's. Na jam'i, mai zuwa bayan s, sai daga baya ƙwarai ya zauna. Har yau kuma ba su gama jayayya a kansa ba. Cikin 2009 hukumar birnin Bamingam ta Ingila ta yanke shawarar daina sa shi a allunan sunayen tituna, mutanen gari suka yi ta ƙorafi a jaridu.

Wannan ya kawo mu ga sunayen makarantu da ƙungiyoyi, inda ƙa'ida ke sunkuya wa al'ada. A Ikko akwai King's College, wadda aka kafa a 1909, da Queen's College ta 1927. A Ingila, jami'ar Oksfod tana da The Queen's College, ta 1341, don girmama sarauniya guda. Jami'ar Kambirij kuwa tata Queens' College ce, waƙafi a bayan s, domin sarauniya biyu ake jingina ta gare su, ɗaya ta kafa ta a 1448, ɗaya ta sake kafa ta a 1465. Ga tarihi guda cikin gurbin ɗigo. Mu ma muna da namu a nan. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwan Bakolori, waɗanda aka ƙarfafa ƙarƙashin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, za ku ga an rubuta su Water Users' Association, za ku kuma ga Water Users Association babu waƙafi, duk biyun suna yawo a takardu. Kada ku ɓata lokaci wajen gyara wa mutane sunansu. Ku duba yadda yake a takardar rajistarsu ko a kan hatiminsu, ku kwafa haka. Abin da ba ya yiwuwa shi ne Water User's Association, ƙungiyar mutum guda, ko Government Girl's Secondary School, makarantar da Gwamnati ta gina wa yarinya ɗaya tak.

Kada ku zaci sai a ƙasarmu waƙafi ke kai mutum gaban shari'a. A Ostareliya, inda Turanci ne harshen uwa, wani dillalin gidaje ya rubuta a Facebook cewa tsohon maigidansa ba ya biyan kuɗin fansho na employees, bai sa waƙafi ko ɗaya ba. Maigidan ya yi ƙarar ɓata suna. Dillali ya ce kansa kaɗai yake nufi, employee's, a yi watsi da ƙara. Cikin 2021 alƙaliyar kotun ta ƙi, ta ce yadda aka rubuta ana iya fahimtar ma'aikata duka ake nufi, wannan kuwa zargi ne mai nauyi, a ci gaba da shari'a. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ranku ya daɗe, ba zai kyautu in cika ku da Turanci ba, in bar namu. Wannan alama tana cikin rubutun bokon Hausa, amma aikinta daban ne. A wurinmu harafi ce, ana furta ta. Ita ce hamzar da ke cikin sa'a da jama'a da ma'aji, tana kuma tsayawa gurbin ainun Larabci a sunaye kamar Sa'adu da Isma'ila. Tun cikin shekarun 1930, zamanin Dokta East a Zariya, aka ba ɓ da ɗ da ƙ ƙugiyarsu, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fita a 1939, ta yaɗa su ko'ina. Harafi guda ne bai sami ƙugiya ba a Nijeriya, watau 'y, shi aka bar shi da waƙafi a gaba. 'Yan'uwanmu na Nijar su sun yi masa ƙugiya, suna rubuta ƴ.

To, ga inda namu ke da haɗari kamar na Bature. Ku dubi waɗannan biyu:

Ya bar gona ga 'ya'yansa.

Ya bar gona ga yayansa.

Ta farko ta ba waɗanda ya haifa. Ta biyu ta ba wansa. A baki ba mai rikita su, amma a waya, inda yara ke bugawa da sauri suna zubar da alamomi, sun zama ɗaya. Yanzu da saƙonnin ofis suka koma yawo ta WhatsApp, ana kwafo su daga waya a buga a takarda, wannan kuskure ya fi kusa da mu fiye da da. Akwai kuma kishiyarsa, masu cusa hamza inda babu ita, su rubuta za'a da ba'a maimakon za a da ba a. Kalmomi biyu ne, a raba su. Ba'a mai hamza ita ce zolaya, bai kamata ta shiga takardar da ke cewa ba a biya diyya ba.

In sunan mai hamza ya shiga Turanci, kada alamomi biyu su tsorata ku. Sa'adu's farm, Mu'azu's house, A'isha's share, duk daidai ne. Ta farko ta suna ce, ta biyu ta mallaka. Sai dai ku yi hattara da abu guda. Waɗansu na'urorin rajista ba sa karɓar hamza, sai mutum ya zama Sa'adu a takardar makaranta, Saadu a katin ɗan ƙasa, Sa adu a banki, kwamfuta kuwa ta ɗauke su mutum uku. In za ku ba da shaida, ku karɓi katinsa ku rubuta suna yadda yake a kai, harafi da harafi, ko da kun san an ɓata shi. In ana bukatar gyara, wannan takarda ce daban.

Saura roƙona gare ku, uwayen ƙasa. Ban ce ku koma aji ba, Allah ya kiyaye. Cikinku akwai waɗanda Turancinsu ya fi nawa nesa ba kusa ba, su yatsa ya ishe su. Ga sauran, ina roƙo kada a ƙara karanta muku takarda da Turanci kawai ku sa hannu, tun da mun ga kunne ba ya kama wannan ɓarawo. A mayar muku da ita Hausa, kuma wanda zai mayar kada ya zama wanda ya rubuta, domin marubuci abin da ke ransa yake karantawa, ba abin da ke kan takarda ba. Ni ma da an ce in fassara tawa ran nan, da 'ya'yansa zan ce, da zuciya ɗaya. A miƙa wa wani malami da bai ji maganar ba, ya fassara daga abin da idonsa ya gani. In ya ce ɗansa, ku kuwa 'ya'yansa kuka ce, an kama kuskure tun bai fita zaure ba. Inda malami guda ne a ofis, a bar takarda ta kwana, ko a kira shugaban makarantar firamare ya duba, ba zai ƙi ba.

In an sami kuskure bayan an buga, kada a gyara da biro. Waƙafin da aka ƙara da hannu, ko aka kankare da reza, ba wanda zai iya rantsewa wa ya yi shi, ko yaushe. Mai son zuciya ma yana iya ƙara nasa bayan takarda ta bar hannunku, ɗigon tawada ne kawai. A sake buga ta sabuwa, a yaga tsohuwar a gabanku, a ajiye kofe guda mai hatimi cikin fayil na ofis, don in an zo da wata daga baya a gwada.

Malamai kuma, na zo da takarda mai shafi guda, misalan nan duka suna ciki da fassararsu. Kowa ya karɓi biyu a bakin ƙofa, ɗaya a liƙa a bango kusa da inda ake buga takardu. Wanda ke da tsohuwar takardar gona ko ta gado a fayil da yake shakkarta, ya kawo bayan sallar azahar mu duba tare, ina nan har la'asar.